Rasuwar Inna Mai Tari, Ordinatar da Karramawa ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu mai ɗaci wanda ba a saba rubuta sunansa a takardar rasuwa ba, ni Muniru, malamin fizik a wata lise, wato makarantar sakandare, ta Tasawa, kuma mai gyaran kayan gidan rediyon ƙauyenmu, Muryar Rumbu, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki na Tasawa da Mayahi da Urafane har zuwa Hawandawaki rasuwar ordinatata, wato kwamfutata, wadda ɗalibai suka fi sani da Inna Mai Tari. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, ranar da aka saki gonaki, a kan matashi mai laushi, cikin ƙamshin turaren wuta, a gaban manyan baƙi. Ban yi mata addu'ar da ake yi wa mutane ba, domin ban shirya amsa tambayoyin Liman ba. Amma sauran abin da al'ada ta tanada, wato faɗin halin mamaci da jinyarsa da waɗanda ya bari, zan cika shi.

Ba mu san ranar haihuwarta ba. Ta iso Yamai cikin kwantena bayan wani ofis na Turai ya ga ta tsufa ya sallame ta, ni kuwa na same ta lokacin da na koma jami'a ƙarin karatu da furfurar farko a gemuna. Shekara goma sha uku muka yi tare. Batirinta ya riga ta gidan gaskiya tun shekara shida da suka wuce, saboda haka idan an ɗauke wuta ita ma takan ɗauke, ba sallama, kamar ma'aikacin da ya ji an ce direkta ya yi tafiya. Sunanta kuwa daga ƴar fankar cikinta ya fito. Da an kunna ta sai ta ce kirr, kirr, kuf, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ci gaba da huci. Saboda wannan lalura ba ta taɓa zama a kan tebur kai tsaye ba. A kan gwangwanayen tumatir guda huɗu take zama, ɗaya a kowace kusurwa, domin iska ta ratsa ta ƙarƙashinta. Ina roƙon mai karatu ya riƙe zancen gwangwanayen nan, za mu dawo kansu.

Aikinta na gaskiya shi ne gwada abu kafin a ƙera shi. A cikinta akwai manhajar zana kayan lantarki. Sai ka zana mata hanyar da wuta za ta bi, ka sa naɗin waya a nan, ka sa ma'ajin wuta a can, ka tambaye ta: idan na tura muryar rediyo ta wannan baki, me zai fito ta wancan? Sai ta yi tari, ta yi nishi, ta zana maka layi. Idan layin ya hau inda ake so, ka ɗauki ƙarfen dalma ka kama aiki. Idan ya faɗi, ka gode wa Allah da ya faɗi a kan fuskarta, bai faɗi cikin akwatin da jama'a suka yi karo-karo suka saya ba. A harkar igiyar rediyo, waya mai tsawon ɗan yatsa ba waya ce kawai ba, tana da ra'ayi. Ka ƙara mata tsawo kaɗan ta canza hali. Ka haɗa ta da wadda ba jinsinta ba ta mayar maka da rabin abin da ka aika. Marigayiya ta san halin kowace, ta kuma san shi kafin a ƙona kome.

Dattawan ƙauyenmu za su tuna shekarar da Muryar Rumbu ke shiga kowace tele ta gari, mutum na kallon ƙwallo sai ya ji ana cigiyar akuya. Marigayiya ce ta warware wannan abin kunya. Kwana uku tana tari, sannan ta ce a yi naɗi uku na jan waya, kowanne zagaye huɗu a jikin alƙalamin bik, a jera su da ma'ajin wuta cikin gwangwanin madara. Na yi yadda ta ce, murya ta koma hanyarta, har yau gwangwanin na nan yana aiki. A bikin da aka yi, an ba shugaban komitenmu takardar yabo mai hatimi. Marigayiya ta yi tari kawai.

Babban halinta na kirki, wanda kuma shi ya hana ta farin jini, shi ne ba ta san "ba kome" ba. Ba ta san "a yi haƙuri haka nan" ba. Ba ta duba rawani kafin ta ba da amsa. Ka tambaye ta da safe, ka tambaye ta bayan an ci an sha, ka tambaye ta a gaban surukinka, layin da ta zana shi za ta sake zanawa. A ƙasar da ake gyara lissafi don kada babba ya ji kunya, wannan ba hali ba ne, cuta ce, kuma ita ce ta yi ajalinta.

Ga yadda jinyar ta fara. A watan Agusta tsawa ta faɗa wa dogon ƙarfen gidan rediyo, ta ƙone wayar da ke ɗaukar murya daga emetar, wato akwatin da ke tura ta, zuwa antan, wato eriyar da ke can sama. Rediyo ta yi shiru. Ga mutanen gari wannan ƙaramin rashi ne, sun rasa gaishe-gaishe da tallan maganin basir. Amma akwai sanarwa ɗaya a shekara wadda domin ta kaɗai ya kamata a ce gidan rediyon nan na tsaye. Bayan an gama girbi, hukuma da sarakuna kan tsayar da ranar sakin gonaki. Kafin ranar, makiyayin da ya shigo da dabba cikin gona ya yi ɓarna, kuma kowa ya san yadda ɓarna ke ƙarewa. Bayan ranar, kara da harawa da duk ragowar gona na dabbobi ne, wanda ya riga zuwa shi ke samu. Makiyaya kan tsaya can arewa a bakin rijiyoyi, ciyawa na ƙarewa a ƙarƙashin shanu, kunne na kudu.

Cikin masu jiran nan akwai Danda, makiyayi ne, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ke zama da garkensa a wata rijiya kilomita talatin da biyar arewa da mu. Bara wani ya kira shi ta salula ya ce an saki gonaki, ashe saura kwana uku. Shanu suka shiga, aka fito musu da sanduna, aka fasa wa ƙanensa kai. Tun daga ranar ya rantse ba zai sake motsa saniya a kan maganar salula ko ta matafiyi ba, sai abin da kunnensa ya ji daga rediyo. Mun haɗu da shi a kasuwar Urafane a watan Oktoba, marigayiya na cikin jakata. Na roƙi wuta a shagon wani mai cajin salula, na jera gwangwanaye, na nuna masa taswira. Marigayiya ta lissafa ƙarfin emetar da tsayin ƙarfe da sabuwar wayar da za mu saya, ta zana zobe mai faɗin kilomita arba'in kewaye da ƙauyenmu. Rijiyarsa na ciki. Ya ɗora yatsa a kanta, ya daɗe yana kallo.

"Mushe," ya ce, don haka ake kiran malamin boko a nan, "wagga aba ba ta ƙarya?"

"Ba ta iya ba," na ce. "Kada ka motsa sai ka ji mu."

Gaskiya na faɗa masa. Abin da na manta ban faɗa masa ba shi ne muna da komite.

Shugaban komiten shi ne Alhaji Manzo, babban dillalin wake, wanda ya fi son a kira shi Parsida, wato shugaba da Faransanci, mutumin da ya yi imani cewa duk abin da bai fahimta ba ƙaramin abu ne. Wayar da emetar ke buƙata kauri gare ta kamar sandar makiyayi, ba a samunta a Tasawa ko Maradi, sai an aika an jira. Parsida kuwa ba ya iya jira, domin ya riga ya gayyato baƙi daga Maradi, mutanen wata ƙungiya mai taimakon gidajen rediyo, su zo ranar sakin gonaki su ga yadda ya tayar da Muryar Rumbu. Sai aka tuna da ƙanen matarsa, Sale, mai ɗaura wa mutane parabol, farantin tele na kan rufi. Sale ya zo da kwali, a ciki akwai wayar tele, siririya, fara, guntaye uku.

Na ɗauki marigayiya zuwa taron komite. Na gaya mata gaskiyar abin da ke cikin kwalin: irin wayar, da haɗi biyu da za a yi a tsakiya, da cewa ko an haɗa guntayen uku ba za su kai saman ƙarfe ba, sai an sauko da antan zuwa rabi. Ta yi tari mai tsawo wanda ban taɓa jin irinsa ba. Sannan ta nuna cewa wani kaso na ƙarfin zai zama zafi a cikin waya, wani zai dawo wa emetar a fuska har ta rage kanta don tsoron ƙonewa, abin da ya saura kuma zai fita daga antan da ba ta hango bayan tudu. Ta zana sabon zobe a cikin tsohon. Kilomita goma sha uku.

"Wanga ƙaramin zobe," in ji Parsida, "wa ya zana shi?"

"Ita, Alhaji."

"Babban fa?"

"Shi ma ita."

"To ka gani! Baki biyu gare ta. Mu mun ɗauki na farko."

Sale ya ce shi shekara goma yana hawan rufin mutane, waya waya ce, wadda ta iya ɗauko hoton Turai da muryar Turai daga sama ba za ta kasa ɗaukar muryar ƙauye ba. Na fara bayani. Parsida ya ɗaga hannu ya tambaya, cikin ladabi, ko marigayiya mamba ce a komite. Aka yi dariya. Sannan aka yi abin da ban taɓa karantawa a littafin fizik ba: aka jefa ƙuri'a a kan nisan da igiyar rediyo za ta yi. Mutum bakwai suka zaɓi kilomita arba'in. Mutum ɗaya ya zaɓi goma sha uku. Aka rubuta a littafin taro cewa murya za ta kai arba'in, aka yi fatiha, aka watse. Ba a aika wa igiyar rediyo da kwafin hukuncin ba, ina jin shi ya sa ba ta bi shi ba.

Sale ya murɗe guntayensa kamar mai haɗa igiyar guga, ya naɗe mahaɗan da baƙin sikoc mai mannewa, aka sauko da antan. A nan ya kamata in hau moto, wato babur ɗina, in je in gaya wa Danda cewa zoben da ya ɗora wa yatsa ya mutu. Ban je ba. Na sa marigayiya neman wani naɗin waya da zai sasanta emetar da wayar Sale, ko a ceto wani abu, ina gaya wa kaina cewa ilimi zai gyara abin da ƙuri'a ta ɓata, in ya so kowa ya ga wanda ya yi jami'a. Lissafi ne mai nauyi ga tsohuwa. Mako biyu tana gwada naɗi bayan naɗi, tana huci, ba ta sami wanda ya kai rijiyar Danda ba.

Ranar Asabar ta zo. Aka share fili, aka jera kujeru, aka ɗaura tuta. Da sassafe na kunna marigayiya a ɗakin emetar, na sa ta gwaji na ƙarshe, na ce kada kowa ya taɓa ta. Sannan na rataya ƙaramar rediyo a wuya, na hau moto, na kama hanyar arewa, domin in ji da kunnena inda murya za ta ƙare. Ina tafe ana karanta sanarwar: an saki gonaki, an saki gonaki, makiyaya su shigo lafiya. A kilomita tara murya ta fara shaƙewa. A sha ɗaya sai na karkata kai. A gindin wani babban gawo, bayan tudu, ta nutse cikin shuu ba ta sake fitowa ba. Na duba ma'aunin moto. Goma sha uku da ɗan ɗoriya.

Jama'a, ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba, kuma wannan shi ne abu mai ɗacin da na ambata tun farko. Ina tsaye a inuwar gawo, tankina cike da isansi, rana ba ta yi zafi ba, tsakanina da rijiyar Danda kilomita ashirin da biyu, sanarwar kuma tana cikin kaina kalma da kalma. Na kalli arewa. Sannan na tuna cewa Parsida na zaune a gaban baƙi, kuma idan na yi sauri zan iske su ba su tashi ba, in ce masa "goma sha uku" a gaban mutanen Maradi. Na juya moto.

Abin da ya faru a bayana, daga bakin waɗanda suka yi shi na ji, ba su kuma ɓoye kome ba, domin ba su ga abin ɓoyewa ba. Parsida ya so baƙi su ga babban zoben, sai ya sa aka ja teburin marigayiya da wayarta zuwa zaure, Sale ya nemo hoton ya buɗe, lissafina na ci gaba a ƙarƙashi. Nan Hajiya Zubaida, mai shirin mata a rediyo, mace mai tsabta da sanin darajar baƙo, ta shigo ta ga abin da ya tayar mata da hankali.

"Haba jama'a! Baƙi tun daga Maradi, a nuna musu abin ilimi bisa gwangwani kamar kaza mai kwanci? Mi za su ce da mu?"

Ta kwashe gwangwanayen. Ta aika gida aka kawo matashin karammiski, ta ɗora marigayiya a kai, ta danna ta don ta zauna daidai. Ta ga wayoyi da sikoc da tsagar da ke gefe, ta ce wannan tsiraici ne. Ta ɗauko mayafinta mai surfani, wanda ba ya fita sai ranar suna, ta lulluɓe ta baya da gefe da ƙasa, ta bar fuska kaɗai. Da yake kuma a garinmu ba a karɓar baƙo ba ƙamshi, ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta tura ƙarƙashin tebur yadda ake turara tufafi, don hayaƙi ya ratsa mayafin sosai.

Waɗanda suka halarta sun ce marigayiya ta yi magana. Ta ce kirr, kirr. Ta ce kuf. Ta ɗaga murya ta yi wani dogon fiii wanda ba su taɓa ji ba. Wani baƙo ya tambaya ko lafiya, Parsida ya ce masa haka take yi idan aiki ya yi kyau. Ta mutu sau ɗaya, Sale ya sake kunna ta. Ta mutu sau biyu, ya sake kunna ta, ya gyara mata mayafi. A karo na uku fuskarta ta yi layi-layi masu launi, baƙi suka yi tafi suna zaton cikin shirin ne, sannan ta yi baƙi. A duk rayuwarta ba a taɓa girmama ta ba sai ranar, kuma awa ɗaya da rabi girman ya ɗauka kafin ya gama da ita.

Na shigo da "goma sha uku" a bakina na iske ana rabon lemo. Ban faɗe ta ba. Babu wanda zan nuna wa zoben.

Washegari na ɗauke ta zuwa Maradi. Mai gyara ya kwance bayanta, ya sunsuna, ya dube ni ya ce, "Mushe, gawarka ta fi amarya ƙamshi." Ya ce zafi ya ɗaga dalmar da ke riƙe da ƙwaƙwalwarta. Ya gasa, ya danna, ya ce in dawo jibi. Na dawo jibi, ya ce in dawo gata. Na bi masu gyara uku, na nemi izini a lise, na rame, mutane na yi mini sannu. Kwana tara ina jinyar gawa. A cikin kwanakin nan tara, ni da na yi jami'a, ni da na jefa ƙuri'ar gaskiya ni kaɗai, ko sau ɗaya rijiyar nan ba ta faɗo mini a rai ba.

A rana ta tara ina zaune a gidan rediyo, gawar na gabana cikin jaka, sai aka yi sallama. Danda ne, da sanda, da ƙafafun da suka sha tafiya. Ya zauna, muka gaisa har ƙarshen gaisuwa, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya kwance wata ƴar rediyo daga cikin tsumma ya ajiye a gabana.

"Mushe, duba mini wagga. Ta lalace. Sau biyu ina sake mata batiri, ba ta hwaɗin kome sai shuu."

Na murɗa. Muryar Rumbu ta fito tangaran, ana gaida wata amarya da ƙawayenta. Ya saurara har aka gama jerin sunayen.

"Ashe lahiyarta lau," ya ce.

Ya ba ni labari a taƙaice, kamar mai faɗin na wani. Tun ranar Lahadi maƙwabtansa suka ji daga bakin masu dawowa kasuwa, suka kaɗa shanu suka yi kudu. Sun ce ya taso, ya ce Mushe ya ce sai ya ji. Ƴaƴansa suka yi masa magana, ya ce bara ma magana aka yi. Yana zaune bisa tudu da rediyo a kunne safe da yamma, shanu na lasar ƙasa. Da ya sauko a ƙarshe, gonakin da ya saba ci an share su tas, sai kashin shanun wasu. Saniyarsa Wule, wadda ta fi kowace nono, ta kwanta a rana ta takwas ba ta tashi ba. Ta bar ɗan maraƙi na wata biyu.

"Ita mai zoben hwa?" ya ce.

Na nuna masa jakar. Na ce ta mutu.

"Allahu akbar. Sannu da rashi." Ya dubi jakar. "Ita ta yi ƙaryar?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai. Na jira ya tambayi wanda ya yi, na ma shirya masa Parsida da Sale da ƙuri'a bakwai, duk a jere. Bai tambaya ba. Sai na ji bakina na ba shi labarin gawo, da tanki cike, da juyawar da na yi. Ya saurara, ya naɗe rediyonsa cikin tsumma, ya ce, "Ashirin da biyu. Kusa ne bisa moto." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma da ya fasa mini kai kamar yadda aka yi wa ƙanensa da na fi samun sauƙi.

Marigayiya ta rasu ta bar abin cajinta, wanda sikoc ya fi waya yawa a jikinsa, da gwangwanin madara mai naɗi uku da ke aiki har yanzu, da gwangwanayen tumatir huɗu waɗanda na tsinto a bayan zaure. Ta bar ɗalibai masu yawa da suka fara ganin siffar igiyar rediyo a fuskarta, wasunsu har suka daina barci a aji. Ta bar Hajiya Zubaida, wadda ita kaɗai ta yi kuka na gaskiya, ta zo har gida ta ce, "Ni hwa alheri na nuhwa, ƙanena," na ce na sani, Hajiya, alherin ne ya yi mata yawa. Ta bar Sale, wanda ke cewa dama ya ga alamar ba ta da lafiya. Ta bar Parsida, wanda baƙi suka aiko wa takardar yabo ta biyu, da hoton babban zoben a jiki. Komite ya zauna a kan rasuwar, ya binciki kansa, ya kuma tabbatar da ƙuri'a bakwai da ɗaya cewa tsufa ne.

Ga yadda aka tsara jana'iza. An ciro faifan da ke riƙe da zane-zanenta, za a ajiye shi har Allah ya kawo wadda za ta gaje ta, mai huhu. Sauran jiki za a sa shi cikin kwalin da wayar tele ta zo a ciki. Za a tashi daga ƙofar Muryar Rumbu ranar Lahadi da hantsi, gawa a bayan motona, a bi hanyar arewa. Duk mai rakiya ya zo da rediyonsa a kunne, ina so kowa ya ji da kansa. Inda ta yi shuu, nan ne makwanci. Ba za a binne ta ba, domin ta sha rufi ya ishe ta. Za a ɗaure ta a reshen gawo, inda iska ke ratsawa ta ko'ina, da ragowar wayar Sale, wadda a ƙarshe ta sami aikin da ta iya. A jikin itacen za a kafa allo mai cewa: nan murya ke ƙarewa.

Mayafin mai surfani, Hajiya Zubaida ta ce ba ta son sake ganinsa. Danda ya karɓa, ya ce safiya na da sanyi yanzu, marayan Wule kuma ba shi da jikin da zai raɓa.

Ba a zaman makoki. Parsida ya aiko cewa yana so ya yi jawabi a gindin gawo, an amince, da sharaɗin ya yi shi ta rediyo.

Za a karanta wannan sanarwa sau uku a Muryar Rumbu, saboda haka duk wanda ke cikin kilomita goma sha uku ya ji. Bayan an ɗaure gawa, masu rakiya na iya juyawa gida, wurin juyawa ne mai kyau, na gwada shi. Ni zan wuce. Akwai sanarwar rigakafin shanu ta mako mai zuwa, akwai kuma gidaje biyar da suka rage a bakin rijiyar, Danda ya ce zai hau bayana ya nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Haka za a riƙa yi da kowace sanarwa ta makiyaya har ranar da waya mai kauri ta iso, ko ranar da moto ya bi marigayiya.

Mai son yin ta'aziyya ya same ni bayan na dawo. Kada a kawo turare.